Shekara ɗaya da Strava a aljihuna, ga abin da na gani

Ni dai ba ɗan wasa bane, gara in faɗa tun farko kar wani ya ɗauka wani gwanin gudu ne yake rubutu. Mutum ne mai shago, mai tumbi, wanda likita ya kalli awon jininsa ya cire tabarau yace "Malam, ko ka fara tafiya da ƙafarka, ko a fara tafiya da kai a kafaɗa." Toh kaga ai magana ta ƙare. Na fara fita bayan sallar asuba, in ɗan zaga unguwa in dawo in yi wanka in tafi kasuwa, kuma duk wanda ya tambaye ni a majalisa sai ince ai kullum sai na ci kilomita 7, wani lokacin ma in ƙara ince 8 idan naga ana jinjina min. Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba, haka nake ji a jikina, saboda yadda nake dawowa ina haki ai dole ya kai bakwai.

Ƙanina ne ya tona min asiri. Ya dawo daga bautar ƙasa a Legas da wasu sabbin halaye, har da gudun safe da ɗan wando, ranar ya ji ina wannan cika bakin sai yace "Yaya kawo wayarka." Ya saukar min da wata manhaja mai kalar ruwan lemo, Strava, yace gobe idan zaka fita ka danna nan, idan ka dawo ka danna nan, shikenan. Washegari na yi yadda yace. Kilomita 3.4. Na kalli sikirin na sake kalla, nace abin nan ya lalace, jibi na sake bin hanyar ya bani 3.5. Tun ranar na daina maganar bakwai a majalisa, su kuma har yau basu daina tuna min ba.

Ga wanda bai san ta ba, Strava manhaja ce da take amfani da GPS ɗin wayarka ko agogonka ta zana duk inda ka bi a taswira, ta faɗa maka nisan da ka yi, lokacin da ka ɗauka, minti nawa kake cin kilomita ɗaya, tudu nawa ka hau, sannan ta ɗora shi a wani waje kamar Facebook inda abokanka zasu gani. Gudu, tafiya, keke, iyo, hawan dutse, duk akwai. Wasu mutum biyu ne suka kafa ta a 2009, Mark Gainey da Michael Horvath, waɗanda suka san juna a ƙungiyar tseren kwalekwale ta jami'ar Harvard, kamfanin yana San Francisco a Amurka, sunan kuma daga yaren Siwidin aka ɗauko shi, ma'anarsa fafutika ko dagewa. Tun 2022 suka ce masu rijista sun haura miliyan 100. Don haka ba ƙaramin abu bane, mu ne dai labarin bai iso mana da wuri ba.

Tambayar farko da kowa yake min, kuma nima ita na fara yi: tana cin data? Amsar ita ce naɗar tafiyar kanta bata buƙatar data ko kaɗan. GPS ba daga layin waya yake zuwa ba, daga taurarin ɗan adam ne da suke can sama wajen kilomita 20,000, wayarka saurare kawai take yi, idan ta jiyo aƙalla guda 4 sai ta lissafa inda kake. Zaka iya kashe data gaba ɗaya ka fita, ko a ƙauyen da babu sabis, zata naɗa, sai ka dawo inda akwai netwok ta ɗora. Abin da na lura dai shine idan data a kunne take tana kama lokeshan da sauri, idan a kashe take sai ka ɗan tsaya a fili minti ɗaya ko biyu. Inda datar take tafiya shine zaman kallon hotunan mutane da taswirorinsu, wannan kuma laifinka ne ba na kowa ba. Hazon hunturu ma na zata zai hana ta aiki, ranar da ko ƙarshen layinmu ba a gani na fita ta zana min hanya tsaf.

Amma fa kar ka danna farawa kana cikin soro. Wannan kuskuren na yi shi ya fi sau goma. Ka fito waje, ka bari ta nuna maka ta kama siginar, sannan ka danna. In ba haka ba zaka ga ta fara maka tafiyar daga wani gida can bayan layi, ta jefo ka kan titi kamar aljani, ta ƙara maka mita 200 da baka yi ba.

Maganar daidaito kuma, a fili inda sama take a buɗe waya tana iya kuskuren kamar mita 5, wannan ba komai bane idan titi ne miƙaƙƙe irin hanyar BUK ko titunan Nassarawa wajen Filin Sukuwa a nan Kano, layin yana fitowa sumul kamar da rula aka ja. Amma ka shiga lungunan cikin gari, wajen Dala ko bayan Kurmi inda katanga take kusan haɗuwa da katanga, nan zaka sha kallo, siginar tana bugun bango tana dawowa, sai ka ga taswira ta nuna ka ratsa ta tsakar gidan mutane ka fita ta bayan gida ka haura katanga. Ƙarƙashin gadar sama ma haka, tana ɗan rikicewa kafin ta dawo hayyacinta. Na taɓa gwadawa a filin wasa mai layin gudu na mita 400, na zaga sau 5 wanda ya kamata ya zama kilomita 2 cif, wayata ta bani 2.1 da ɗoriya. Ƙanina da yake da agogon Garmin nasa ya fi kusa da gaskiya. Kaga kenan matsalar ta na'urar da take hannunka ce, manhajar abin da aka bata take rubutawa.

Wanda ya fi ƙona min rai a watannin farko shine wata ranar Asabar da na daure na yi tafiya mafi tsawo da na taɓa yi, na dawo jiƙe sharkaf ina murna zan nuna wa duniya, ina buɗewa sai naga layi ɗaya miƙe daga inda na sa wayar a aljihu zuwa ƙofar gida, kamar tsuntsu ne ya tashi. Ashe wayar tawa ce take kashe duk manhajar da take aiki a ɓoye da zarar sikirin ya mutu, wai tana tattalin batir. Ba zan kama sunan wayar ba, da yawa daga irin wayoyin da muke riƙewa haka suke. Maganin shine ka shiga setin na batir ka cire wa Strava takunkumi, ka bata izinin lokeshan cikakke, ka kashe yanayin tattalin caji kafin ka fita. Tun da na yi haka bata sake min ba. Cajin da take ci kuwa ni a tawa wayar awa ɗaya bata fi cin kashi 10 ba, amma idan wayarka irin wadda take zama a jikin fawa bank ce kullum toh ka san inda dare ya yi maka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa har yau ban goge ta ba, domin in don auna nisa ne kawai ai manhajoji sun yi yawa. Idon mutane ne. Akwai wani ɗan yatsa da ake danna maka idan ka ɗora tafiyarka, suna kiransa Kudos, kamar layk ɗin Facebook sai dai shi ba a baka don ka sa sabuwar shadda, sai ka yi gumi. Da farko dariya abin ya bani, nace ni da girmana zan tashi da sanyin asuba don wani ya danna min yatsa? Toh wallahi na tashi. Akwai ranar da hunturu ya busa sosai, na dawo daga masallaci na koma cikin bargo nace yau kam hutu, sai na ɗauki waya naga wani dattijo da muke bin juna, ɗan ritaya ne ya haura 60, har ya gama kilomita 6 ya ɗora ya rubuta "Alhamdulillah" kawai. Kunya ce ta fitar da ni daga bargon nan ba likita ba. Uwargida tana kallona ina ɗaura takalmi tace "Baban yara, wai wa kake tsoro ne a wayar nan?" nace Alhaji. Tace Allah ya ƙara masa lafiya, shekara nawa ina fama da kai.

Wani abokina ustazu yace min wannan ɗora gudu a intanet ai riya ce, nace Malam riya a ibada take, wannan tumbi ne muke yaƙi da shi a bainar jama'a tunda a bainar jama'a ya fito. Yanzu shima yana ciki, sai dai ya kulle nasa ba mai gani sai mu uku.

Akwai kulob da zaka iya buɗewa ko ka shiga, kamar guruf ɗin WhatsApp amma babu fowadin ɗin saƙon safe da na siyasa, kowane mako yana jera sunaye daga wanda ya fi kowa nisa zuwa na ƙarshe. Namu mu goma sha wani abu ne. Da azumi abin ya fi daɗi, wasu suna ɗan zagayawa minti 30 kafin shan ruwa, wasu sai bayan tarawihi, kana gani a taswira wanda ya ce ya fita motsa jiki amma layinsa ya tsaya cak na minti 20 a daidai wajen mai tsire. Don tana raba lokaci biyu, wanda kake motsi da kuma jimillar wanda ka ɗauka tun daga farawa, bambancin tsakaninsu shine tsiren.

Sai Segment, wanda shine ainihin abin da ya ɗaga Strava a duniya. Wani yanki ne na hanya, ace daga wannan shataletalen zuwa wancan, wani ya yanka ya sa masa suna, daga nan duk wanda ya bi ta wajen da manhajar a kunne za a auna lokacinsa a jera shi da na sauran, ko kun san juna ko baku sani ba, ko shi bara ya bi kai yau ka bi. Na ɗaya a keke ana kiransa KOM, mace kuma QOM, wato sarki ko sarauniyar tudu, a gudu kuma CR, wato mai riƙe da tarihin wannan yankin. Nima na taɓa zama na ɗaya, kuma ga yadda aka yi. Na gama gudu na gaji tiɓis, ƙafa ta ƙi, na tsayar da adaidaita sahu na shige ban tuna na danna tsayawa ba, shi kuma ɗan sahun kamar wanda aka biyo. Ina isa gida na ɗora ban duba ba. Kafin in fito daga wanka waya ta cika da saƙo, kofuna da lambobi, wai na kafa tarihi a wani yanki da gudun da ko zakarun Kenya basu taɓa yi ba. Ƙanina ya rubuto a ƙasa "Yaya, Olamfik kawai." Wani da ban sani ba ya kai ƙara aka cire ni daga jerin, kuma ya kyauta. Ashe akwai wajen da ake datse tafiya a yanke ƙarshenta, Crop suke ce masa, na yanke wajen adaidaitan na koma matsayina na gaskiya can ƙasa. Wannan matsala ce da ta daɗe a jerin nasu ko'ina a duniya, masu mota da masu keken lantarki suna shiga cikin masu gumi, kamfanin da kansa ya sanar yana amfani da na'ura yana zaƙulo irinsu yana cirewa.

Abin ma ya wuce mantuwa, wasu da gangan suke yi. A 2024 labari ya karaɗe duniya cewa a Indunusiya akwai samarin da sana'arsu kenan, ka biya su kuɗi su yi gudu da akawun ɗinka, kai kana kwance ana danna maka yatsa. Da na karanta nace Allah ya sa kar yaranmu su ji, don gobe zaka ga an buɗe shago.

Ni wanda ya fi burge ni shine Local Legend da suka kawo a 2020. Shi ba ruwansa da sauri, wanda ya fi kowa yawan bin wannan yankin a cikin kwana 90 shi ake ba kambun ganye. Wato naci ake sakawa ba ƙarfi ba. Irinmu masu sassarfa da ba zamu taɓa kamo yaran nan 'yan shekara 20 ba, nan ne kaɗai muke da rabo, kuma akwai wani yanki a kan hanyata da ni da Alhajin nan muka shafe watanni muna karɓe shi daga hannun juna, bamu taɓa yin maganar a baki ba, in mun haɗu sai gaisuwa, "Alhaji barka da asuba, an tashi lafiya?" yace "Lafiya lau ɗana, ya ƙoƙari?" kowa ya wuce yana lissafi a ransa.

Toh amma idon nan da yake tashinka daga barci shine kuma abin tsoron, kuma nan nake so a tsaya a karanta da kyau. A ƙarshen 2017 Strava ta saki wata taswirar duniya da take haske a duk inda mutane suka saba bi, Heatmap. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostareliya mai suna Nathan Ruser ya lura cewa a tsakiyar hamadar Siriya da Afganistan, inda ko'ina duhu ne, akwai wasu 'yan zagaye masu haske. Ashe sojojin ƙasashen waje ne suke gudun safe a cikin sansanoninsu da agogo a hannu, sun zana wa duniya katangar sansanin da hanyoyin cikinsa da ƙafarsu. 'Yan jarida suka bi sawu suka gano irin haka har a nan yankin Sahel. Ba a gama da wannan ba, a Oktoban 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta nuna yadda ta bi akawun ɗin masu gadin shugabanni irin su Macron da Biden ta gane otal ɗin da shugaban zai sauka, saboda masu gadin suna zuwa kafin shi su fita gudu su ɗora. Idan masu gadin shugaban ƙasa sun yi wannan sakacin, ina ga ni da kai.

Ka kawo shi gida ka gani. Mutum ya ɗora taswira kullum, ta fara daga ƙofar gidansa ta ƙare a ƙofar gidansa, ga lokacin fita ƙarfe 6 saura kwata, ga hanyar da yake bi bata canzawa, ga hoton takalminsa da agogonsa da kekensa mai tsada, kuma a buɗe kowa na iya gani. A garin da ake fama da ƙwacen waya, a ƙasar da ake satar mutane, wannan ai ka rubuta wa ɓarawo takardar gayyata ne har da kwatance. Manhajar an gina ta ne da tunanin mutanen da nuna inda suke ba ya basu tsoro sosai, mu kuma dole mu gyara ta ta dace da mu. Abin da ya kyauta shine kayan gyaran duk suna ciki kuma kyauta ne, sai dai ba wanda zai kama hannunka ya kai ka. Ka shiga setin, ka nemi Privacy Controls tun kafin tafiyarka ta farko. Shafinka ka mayar da shi sai ka amince kafin a bi ka. Tafiye-tafiyenka akwai zaɓi uku, kowa da kowa, mabiyanka kawai, ko kai kaɗai, ni na mabiya na sa. A Map Visibility zaka iya ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta har zuwa wajen mita 1,600, ko ka ɓoye taswirar ɗungurungum a ga nisa da lokaci kawai. Akwai Flyby da yake nuna waɗanda kuka gifta juna a hanya, ka bar shi a kashe. Akwai kuma inda zaka cire kanka daga waccan taswirar mai haske. Kuma don Allah kar ka karɓi duk wanda ya turo buƙatar bi, wanda baka san fuskarsa ba ya tsaya a waje.

Sai dai akwai ciniki a ciki: tafiyar da ka kulle wa mabiya bata shiga jerin gasar Segment na kowa da kowa. Ni yadda nake yi, wadda na yi a babban titi nesa da gida ita nake buɗewa, da farkonta da ƙarshenta a ɓoye, sauran duk a kulle. Mata kuwa, ƙanwata da take zagaye da ƙawayenta nace mata taswirar gaba ɗaya ta rufe, babu abin da zata rasa. Ita ma wayar ba a hannu ake riƙe ta ana haskawa ba, akwai 'yar jakar ƙugu da ake sakawa ƙarƙashin riga, kuma ni na daina sa abin kunne biyu, ina so in ji babur idan ya taho ta baya.

Abu ɗaya da ya juya wannan idon ya zama alheri shine Beacon. Kana fita zata tura wa mutum har 3 da ka zaɓa saƙo da link, su riƙa ganin inda kake kai tsaye har ka gama, ba sai suna da manhajar ba. Da na masu biya ne, a 2021 suka mayar da shi kyauta a waya. Shi kam yana buƙatar data a kunne. Uwargida nake turawa, illarsa ɗaya, yanzu ta san duk ranar da na tsaya wajen mai ƙosai.

Maganar kuɗi. Akwai ta kyauta akwai ta biya, a Amurka ta biyan dala 11.99 ce a wata ko 79.99 a shekara, kai ka buga da canjin yau ka gani ko buhun me zai saya. A watan Mayun 2020 ne suka kwashe abubuwa da yawa da a da kyauta ne suka mayar na biya, babba a ciki shine cikakken jerin Segment, yanzu na kyauta goman farko kawai yake gani, sai kuma tsara hanya a taswira kafin ka fita. Mutane sun yi ta surutu a lokacin, su kuma suka ce kamfanin bai fara cin riba ba. Na karɓi gwajin kyauta da suke bayarwa na duba, akwai jadawalin da yake nuna ko ƙarfinka na ƙaruwa, akwai sa wa kai buri na mako, akwai nazarin bugun zuciya wanda sai kana da agogo ko abin ɗaurawa a ƙirji zai yi maka amfani. Masu kyau ne, amma ra'ayina mai tafiyar asuba irina ba ya buƙatar ko ɗaya. Shawarar hanyoyin da take bayarwa ta dogara ne da yawan masu amfani da ita a gari, a Landan ko Legas zata yi ma'ana, a nan kuwa mu ɗin nawa ne, kuma ba ta san layin da karnuka suke ba ko inda kwata ta ɓalle da damina. Wanda yake shirin gudun fanfalaƙi na Legas da ake yi tun 2016, galibi a Fabrairu, kilomita 42 da ɗoriya, ko ɗan keke na gaske mai fita Tiga ya dawo, shi zai iya cin moriyar kuɗinsa. Idan ka karɓi gwajin ka sa ƙararrawa a waya ta tuna maka ka soke kafin ranar ta cika, in ba haka ba za a cira.

Babu Hausa a cikinta, wannan kam gaskiya naƙasu ne, duk da dai maɓallan da ake buƙata kullum basu fi uku ba, Alhaji ma jikansa ne ya nuna masa sau ɗaya ya riƙe. 'Yan uwa na Maraɗi da Damagaram su akwai Faransanci. Taswirarta kuma daga OpenStreetMap take ɗauko bayanai, wadda 'yan sa kai suke zanawa, shi ya sa zaka ga manyan tituna da sunayensu amma lungunan unguwa da yawa babu suna.

Akwai wani ɗan waje da ake rubuta takalmi, ta riƙa ƙirga kilomita nawa ka ci da shi ta faɗa maka idan lokacin canji ya yi. Na sa nawa, amma lissafin ba zai taɓa daidai ba don a gwanjon Ƙofar Wambai na saye shi, Allah kaɗai ya san nawa Baturen ya ci kafin ya iso hannuna.

Na ɗan leƙa wasu don kwatance. Nike Run Club kyauta ce gaba ɗaya kuma tana da masu horarwa da suke maka magana a kunne, ga mai fara gudu tana da kyau sosai amma bata yi da keke. Adidas Running ma ba laifi. Masu yawon daji da hawan duwatsu irin na Jos su Wikiloc ko Komoot zasu fi musu, Relive kuma ita ce mai haɗa ɗan bidiyon nan da ake ganin layi yana tafiya a kan taswira, wanda ake sawa a sitatus. Duk na gwada na dawo, dalili ɗaya, mutanena suna Strava. Kuma kusan duk agogon kirki, Garmin, Coros, Polar, Suunto, Apple Watch, yana iya tura mata kai tsaye, idan ma wata rana ka gaji da ita zaka iya sauke tafiye-tafiyenka ta kwamfuta ka tafi da abinka.

In maki ake so, ta kyautar na bata 8 cikin 10, na cire ɗaya don rashin Hausa, ɗaya don sai mutum ya tona da kansa kafin ya rufe sirrinsa. Ta biyan kuma ban sake waiwayarta ba. Kilomita bakwai ɗin nan da nake faɗa a majalisa sai a wata na 8 na yi ta da gaske, 7.02, na ɗauki hoton sikirin na tura musu, wani yace a duba ko adaidaita ne. Likita ya rage min ƙwaya ɗaya a zuwan da na yi na ƙarshe. Alhaji kuma shekaranjiya ya sake karɓe kambun, na duba naga ashe zuwa yake sau biyu a rana yanzu, da safe da kuma bayan la'asar, don haka gobe in Allah ya kai mu sai na rufe shago da wuri.